Hular Kwano a Layin Hulunan Baa

Ranar ɗaurin auren 'yata Aisa ina zaune a sahun gaba na ji babban ɗana Modu yana gabatar da ni ga dangin ango. Ya ce mahaifinsa tsohon malamin makaranta ne, wanda daga baya ya zama babban jami'i a tashar jiragen ruwa ta Legas. Na waiga in ga wannan babban jami'i don ni ma in kwashi gaisuwa, sai na tarar ni ake kallo. Na yi murmushin da ya dace da muƙamin. Ban ƙaryata ka a gaban surukai ba, Modu, domin taron biki ba ajin gyaran kuskure ba ne. Amma na dawo gida na nemo jan biro, ga shi kuma ina gyara maka kamar yadda na saba. Lebura na yi. Shekara tara ina sauke buhu daga cikin jirgi, ina ɗaure kwantena. Ban ga laifinka sosai ba, don ba kai ka ƙirƙiro wannan ƙarya ba. A gidanmu na Gwange aka haife ta, uwarku Yagana ce ta karɓi haihuwar, ni kuma na yi shiru har ta yi ƙafa.

Sai na fara da kakanku, Baa, in ba haka ba ba za ku gane abin da muka ji tsoro ba. Wankin hula ne sana'arsa, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Jarinsa baho biyu ne, da buroshi, da sabulu, da sitaci, sai gumaguman itace da aka sassaƙa kamar kawunan mutane, inda yake kifa huluna su sha rana. Idan ya jera su da hantsi sai ka ce zaman majalisa ne da aka yi sa'a babu mai magana. Sabulun shekara arba'in ya cinye masa hannu, farcensa ya mutu, tafinsa ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Tun ina yaro bai taɓa yarda in tsoma ko yatsa a bahon nan ba. Yakan kama hannuna ya juya shi, ya ce da Kanuri, wannan na alli ne. Da na zama malami, duk Alhamis nake kawo masa hulata, shi kuma ba ya kifa ta ko'ina sai a gungumen farko, wanda ya fi kusa da titi. Ko ba a tambaye shi ba sai ya faɗa wa mai wucewa cewa ta Gana ce, malamin gwamnati. Babagana ne sunana, amma a bakinsa ban taɓa wuce Gana ba. Da yanar ido ta rufe masa gani bai bar aiki ba. Da hannu yake gane datti, da hannu yake gane mutane. Kun san gaisuwarmu ta Barno ba ta gajarta. Kafin a gama tambayar gida da gajiya da rana, Baa ya karance tafin mutum tsaf.

Ni kuwa labarin ƙasa na koyar, shekara ashirin da biyu. Na zana teku a allo da shuɗin alli ya fi sau ɗari, na bayyana yadda yake cika ya janye, na yi wa waɗanda suka manta bulala. Duk wannan kuwa ruwan da na sani a duniya shi ne kogin Ngadda, wanda rabin shekara yara ke buga ƙwallo a cikinsa.

Sai shekarar da aka rufe makarantu saboda rikici. Ba zan ba ku labarinta ba, kun rayu a ciki. Ajina ya zama masaukin waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Ranar da na je kwaso littattafaina na tarar wata baiwar Allah ta ɗaura igiyar shanya a ƙusar da nake rataye taswirar duniya, ban kuma ga laifinta ba, ƙusar ta fi amfani a haka. Gidanmu ma ya cika da dangin uwarku, har zaure akwai masu kwana. Tukunyar da aka saba ɗora wa mutum bakwai ta koma ciyar da kusan talatin, kuma tuwon kullum ƙara ƙanƙancewa yake. Ni kuma ina zaune gefen Baa daga safe zuwa la'asar, da hannayena masu laushi a kan gwiwa, an hana ni ko juya hula.

Wata rana kawunku Mala, ƙanen Yagana, ya dawo daga Legas. Direban babbar mota ne, yana kai wake ya ɗauko kayan tashar jirgi. Muna cin abinci a tsakar gida ya dube ni.

"Malam, ka tuna Emeka? Ɗan mai kayan gyaran mota na Moduganari?"

"Na tuna shi. Shi ne ya kai Masar Kudancin Amurka a jarrabawa."

"To shi ne heluman leburori yanzu a bakin ruwa. Mutum ashirin ne a ƙarƙashinsa. Ya ce in gaishe ka."

"Malami yake nema?"

"A'a. Mai ƙashin baya yake nema."

Uwarku tana kwasar tuwo ta fashe da dariya har ta ajiye mara.

"Wai Malam? Malam da ko buhun gawayi ya saya sai ya kira mai kura?"

Na sha faɗa wa mutane cewa tukunyar nan ce ta kai ni Legas, kuma gaskiya ne. Amma tunda gyara nake yi, bari in cika: akwai dariyar uwarku a ciki, akwai kuma kwaɗayin in ga abin nan da na yi shekaru ina zanawa. Bayan kwana uku na rubuta takardar ajiye aiki, da Turanci mai kyau ƙwarai, wanda na tabbata babu wanda ya karanta. Da Yagana ta ga da gaske nake, dariya ta ƙare. Ba ta hana ni ba. Abu ɗaya ta ce.

"Ka tafi, Allah ya tsare. Amma in ka gaya wa Baa dako za ka yi, ka tsaya ka binne shi tukuna, don ba zai kai Juma'a ba. Ka bar mini maganar."

Da safe ta je ta durƙusa a gefen baho, ni ina tsaye a baya kamar ɗalibin da aka rako ofishin hedimasta.

"Baa, an yi wa Malam canjin wurin aiki. Legas. Makarantar 'ya'yan ma'aikatan jirgin ruwa."

Baa ya juyo da fararen idanunsa daidai inda nake numfashi.

"Haka ne, Gana?"

Na yi tari. A shekara ashirin da biyu ban taɓa karɓar tari a matsayin amsa daga ɗalibi ba, amma Baa ya karɓa. Ya sa na cire hulata, ya wanke ta ba ranar Alhamis ba, ya naɗe ta a tsohuwar jarida.

"Ka sa ta ranar farko," in ji shi, "su san daga gida ka fito."

Na kuwa sa ta. Haka na shiga tashar jirgi, da farin kaftani da hula mai sitaci da takalmin fata, a tsakiyar mutanen da ke sanye da tsumma da zufa. Abin da na fara lura da shi shi ne tekun ba shuɗi ba ne. Kalarsa ɗaya da ruwan bahon Baa bayan hula ta ashirin. Na tsaya ina neman gafarar duk yaran da na yaudara da alli, sai ga wani ƙato mai furfura a gemu ya rusuna a gabana yana cewa "Wushe, Malam, wushe," da Kanurin da ya fi na Modu kyau. Emeka ne. Ya tambayi Baa, ya tambayi Gwange, ya tambayi ko har yanzu ana soya fara a bakin kasuwa. Sannan ya sa hannu biyu, cikin ladabi, ya cire mini hula. Shi ne mutum na farko da ya taɓa yi mini haka tun da na yi hankali. Ya kifa mini hular kwano ruwan ɗorawa, ya ɗaure igiyar a haɓata.

"Malam, a waje kai ne malamina har abada. A nan ciki in na ce ka matsa, ka matsa tukuna, ka yi tambaya daga baya."

Da azahar ta yi na sauka wata matattakalar dutse da ke gangarawa cikin ruwa, na yi alwala, na jera takalmana a matakin ƙasa don kada a tattaka su, na hau sama na yi salla, na ci abinci, na ɗan miƙe baya. Da na dawo babu takalmi, babu ma matakin. Ban tsaya tunani ba na tara abokan aiki na fara yi musu jawabi a kan amana da haƙƙin baƙo. Sun saurara da kyau, don ban taɓa samun aji mai natsuwa kamarsu ba. Sai da na kai aya Emeka ya matso, yana ta kokawa da fuskarsa.

"Malam, babu wanda ya ɗauka. Ruwa ne ya cika. Sau biyu a rana, saboda wata. Kai ka koya mana. Bulala uku na sha a kansa."

Har na bar tashar nan, duk sabon lebura sai an kai shi matattakalar an nuna masa inda teku ya ci jarrabawa, malami ya faɗi.

Aikin kuwa ba abin dariya ba ne. Ana sauka cikin rumbun jirgi, inda iska ba ta taɓa zuwa ziyara ba, a jera buhunan shinkafa ko taki a cikin raga, injin ɗaga kaya ya ɗauke su sama. An koya mini cewa ba a ɗaukar buhu a ka, a doron wuya ake kwantar da shi, gwiwa ce ke tashi da shi ba ƙugu ba. Ba a tsayawa a ƙarƙashin kayan da ke lilo ko da uban mutum ne ya kira shi a wurin. Kuma idan ana miƙa buhu daga hannu zuwa hannu, wanda ya yi sanyi bai huta ba, na kusa da shi ya ɗora wa nauyin. Makon farko a zaune na yi salla, ruku'u ya gagara. Mutanen da ba su iya rubuta sunansu ba suka riƙa karɓe rabin nauyina ba tare da sun nuna mini sun karɓa ba, har bayana ya koyi darasinsa. Daga baya aka mai da ni ɗaurin kwantena da sandunan ƙarfe. Safar hannu ba ta kwana goma. Tafina ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi, sannan ya haƙura ya zama fatar ganga. A wata na bakwai wata ƙugiyar ƙarfe ta suɓuce daga sama ta sauka a tsakiyar kaina. Na zauna daɓas, na ga taurarin da ban taɓa koyarwa ba. Hular ta lotsa, kan bai fashe ba. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Duk Juma'a bayan masallaci nake kiran gida, Yagana ta kai wa Baa waya. Sai in laɓe bayan wani sito don gudun hayaniya. Ran nan muna cikin magana jirgi ya yi kuka.

"Gana, mene ne wannan?"

"An tashi ne, Baa."

"Kai! Makarantar Legas ko ƙararrawarta daban ce."

A Gwange tuwo ya koma girmansa. Wannan kaɗai nake tunawa in iya haɗiye irin waɗannan amsoshi.

Da babbar Salla ta matso, wata goma sha ɗaya da tafiyata, Mala ya kawo mini saƙo daga uwarku: gwangwanin man kaɗanya, da dutsen goge kaushi, da umarni. In jiƙa hannu a ruwan ɗumi safe da yamma, in goge, in shafa. Na yi mako uku ina wannan hidima kamar amarya. Emeka ya same ni a kai, ya tsaya yana kallo.

"Malam, wa za a kai wa lefe?"

"Baa zan gaisar."

Bai yi dariya ba. Ya san Baa, ya sha kai masa hular maƙwabcinsu.

"Wannan tsohon? Malam, ko fenti ka yi wa hannun nan sai ya gane."

Na iso Gwange bayan la'asar, da farin kaftanina da hular da na zaro daga jaridarta a tasha. Baa yana kan tabarmarsa yana kwashe hulunan da suka bushe. Na durƙusa na miƙa hannu biyu. Ya kama da murna, ya fara jero gaisuwa, ya hanya, ya gajiya, ya yaran makaranta. A kan yaran makaranta muryarsa ta tsaya. Babban yatsansa ya bi gindin yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya gangara tsakiyar tafi, ya koma. Man kaɗanya ya yi iya ƙoƙarinsa, amma kantar tafin hannu ko ta yi sheƙi kanta ce. Ya saki hannuna a hankali, ya ɗaga murya.

"Yagana, kawo wa baƙo ruwa. Ɗana bai iso ba tukuna."

Kwana biyu bai ƙara ce mini komai ba. Idan na gaishe shi sai ya amsa yadda ake amsa wa mai karatun mita. Uwarku ta yi kuka a madafa, ta ce ita ta jawo, za ta je ta faɗa. Na ce a'a, tarin nawa ne. Rana ta uku Alhamis ce. Na cire hulata na ajiye a gefen bahonsa kamar yadda na saba tun ina saurayi, na zauna a ƙasa, na faɗa masa komai, tun daga takardar ajiye aiki har buhun taki. Na ce masa kuma bayan Salla zan koma.

Ya ɗauki hular, ya bi bakinta da yatsa ta ciki, ya kai hanci.

"Jarida take wari. Babu zufa, babu mai. Ko da hannunka ya yi mini ƙarya, wannan ba za ta yi ba." Ya ajiye ta. "Shekara arba'in ina tsoma hannuna a ruwan nan don kada naka ya taɓa shi."

"Na sani, Baa."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ka faɗa mini da bakinka, in yi fushina in gama tun bara. Ka bar ni ina gaya wa duk Gwange kana koyar da 'ya'yan masu jirgi. Makaho kuka samu."

Wannan kalma ta fi ƙugiyar nan nauyi, kuma ranar babu kwano a kaina. Can sai ya ce, kamar mai tambayar farashin sabulu:

"To kan da bai sa hula wata goma sha ɗaya ba, da me yake yawo a rana?"

Hular kwanon tana cikin jakata, don kowane lebura shi ke tsaron tasa. Na ɗauko na sa masa a cinya. Ya ƙwanƙwasa ta, ya auna nauyinta, ya shinshina cikinta, ya gyaɗa kai, a nan dai ya sami zufar da yake nema. Sai yatsunsa suka faɗa cikin lotsawar.

"Wannan fa?"

"Ƙarfe ne ya faɗo daga sama."

"Kana ciki?"

"Ina ciki."

"Da tawa ce a kanka fa?"

"Da an daɗe da yin sadakar arba'in, Baa."

Ya daɗe da tafinsa a kan wurin. Sannan ya jawo baho, ya zubar da ruwan, ya sa aka kawo sabo. Ya wanke hular nan ciki da waje da buroshi, har igiyar haɓa, yana mita cewa duk wanda ya ƙera ta bai san sitaci ba. Da ya gama ya lallaba zuwa gungumen farko. Hular wani babban attajiri ce a kai, ko bushewa ba ta yi ba. Ya cire ta ya mai da ita baya, ya kifa tawa. Ta zauna a bakin titi, ruwan ɗorawa, lotsattsiya, a gaban layin hulunan manya masu aikin zare, kamar ɗan ƙauyen da ya yi kuskuren kujera a taro. Mai shayin tsallake ne ya fara magana.

"Baa, yau kuma kwanon wa aka kawo wanki?"

"Ta Gana ce," in ji Baa, da ƙarfin da har masu jiran Keke suka juyo. "Lebura ne a bakin teku. Duk layin nan ita kaɗai ta taɓa yin aiki."

Uwarku tana leƙe daga zaure. Ta ce mini daga baya ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba, sai ta yi duka biyun ta koma kan tukunya.

Ba zan ce muku abin bai ci mini komai ba. Modu ya gama sakandare ba na nan. Aisa ta koyi karatu a hannun wani malami, ni da na koyar da 'ya'yan mutane. Yatsuna sun ƙage, wannan rubutu ma sai ina hutawa. A shekara ta uku kuma Baa ya rasu da hantsi, ina can ƙasan rumbun jirgi inda waya ba ta shiga. Kafin in fito in ga kiran Yagana an riga an kai shi. Emeka ne ya cire mini hula a karo na biyu, ya zaunar da ni a kan buhu, ya tsayar da aikin mutum ashirin har na iya tashi. Wannan ba ya warkewa, kuma ban nemi ya warke ba.

Da aka zo rabon kayan Baa na ce a bar mini gungumen farko. Shi ne wanda kuke gani a falon gidan nan na Galtimari, da hular a kansa. Na lura ranar da dangin ango suka zo gaisuwa wani mai hikima a cikinku ya tura su ƙarƙashin gado, ya ɗora furen roba a wurin. Ban tambayi ko wane ne ba, tsohon malami ya san lokacin da ba a kiran suna. Na dai fito da su na mayar. Kakanku ya sauke hular attajiri da jiƙonta don wannan kwano ya zauna a bakin titi, ba za a kai shi ƙarƙashin gado a gidana ba. Idan surukanku sun sake zuwa suka tambaya ta wace ce, ku ce ta babanmu ce, lebura ne a bakin teku. In sun ga lotsawar, ku bar su su taɓa.